Wa Zai Kawo Fatar?

Ina neman afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, kuma na san bambancin, yadda mai cin tuwo ya san ba shi ya tuƙa ba. Sau huɗu ina yage shafin nan na farko. Idan kuka ga ina zagaye-zagaye kafin in kai ga magana, halina ne. Ko gishiri aka aike ni saye, sai na bi ta bayan coci don kada in gamu da wanda zai tsayar da ni gaisuwa. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne kakana ya rasu bara, ya bar wata tambaya da duk garinmu ke yi wa juna yanzu, har yaran da ba su san shi sosai ba. Ana yin ta ana dariya. Amma ranar da ya fara yin ta, ni ce a tsaye gabansa da takarda a hannu, kuma ban yi dariya ba.

Sunana Seneo. Garinmu Serokwane, awa uku ne a bas daga Gaborone, babban birnin ƙasarmu, idan direba bai tsaya shan shayi a gidan ƙanwarsa ba. Shekarata goma sha biyar a lokacin, ina zaune da kakana, Rre Mothibedi, domin mahaifiyata tana aikin jinya a birni. A harshenmu Rre ko Rra ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Mma. Shi makiyayi ne da gwiwa ta zaunar a gida, ni kuma yarinya ce da ba ta iya kallon mutum a ido ba. Mun dace da juna. Yakan kira ni Uwar Takardu.

Ɗakin karatun garinmu da can asibitin sha-ka-tafi ne. Da aka gina sabo, sai aka jera kantoci a tsohon, aka kawo littattafai, aka ba Mma Seitiso makulli. Har yau idan na shaƙi tsohuwar takarda sai in ji warin aidin a ƙarƙashinta, kuma ni a wurina ƙamshi ne. Rufin na kwano ne, ya girmi Mma Seitiso. Idan damina ta faɗi bokiti bakwai muke jerawa, kowanne da wurinsa, kowanne da muryarsa. Na roba da ke kusa da taga yana cewa tal, tal, na ƙarfen da ke tsakiya kuwa kamar ƙararrawar coci daga nesa. Ni ce mai juye su, ladana kuma in tafi gida da littafi biyu maimakon ɗaya. Na karance ɗakin kaf sau biyu, har da wani littafi na kiwon alade a ƙasar da ake ƙanƙara, da wani kundin sani da juzu'i ɗaya kawai ya iso mana, daga M zuwa P. Shi ya sa na san abubuwa da yawa a kan Mongoliya da Peru, amma ban san komai ba a kan Zambiya da ke maƙwabtaka da mu.

A watan Agusta na shekarar takarda ta zo daga gunduma. Idan ba a sake rufin ba kafin ruwan Nuwamba, za a turo mota ta kwashe littattafan, a rufe ɗakin. Mma Seitiso ta karanta, ta ninke, ta ɗora kofin shayinta a kai, ta ce, "To, bokitai za su huta." Ni kuwa na shiga bayan kantar littattafai ta ƙarshe na yi kukana a hankali.

Sai kuma ga kuɗi. Kamfanin da ke shimfiɗa kwalta ya haƙi burji a filin gari, ya biya majalisar garinmu pula dubu ɗari uku, wato kuɗin ƙasarmu. Rabinsu zai ishi rufin, kowa ya san haka, kuma da maganar ta tsaya a nan da ba ni da labari.

Ba na so ku ɗauki kansilanmu mugu. Otsile Ramokate saurayi ne dogo mai fara'a, ya yi karatu a birni ya dawo gida, abin da ba kowa ke yi ba. Shi ya tsaya aka gyara famfon unguwarmu. Amma son kirifto ya kama shi, kuɗin nan na intanet da ba a riƙewa a hannu, har ya sayar da motarsa ya zuba kuɗin a ciki, ya koma zuwa taro a keke. Shawararsa ita ce a zuba kuɗin garin duka na shekara ɗaya ta hannun wani kamfani a birni, a shimfiɗa tamfol a kan rufin a lallaɓa damina ɗaya, shi kuma zai roƙi gunduma ta yi haƙuri. Idan kuɗin suka ninka sau uku kamar yadda nasa suka yi, sai a gina sabon ɗakin karatu tun daga tushe.

Magana irin wannan a kgotla ake yanke ta, wato dandalin da gari ke taruwa gaban sarki. Kuma a garinmu mai shawara ba ya karanta takardarsa da bakinsa, danginsa ma ba sa karanta masa. Sakataren majalisa surukin Otsile ne. Mma Seitiso kuwa gilashinta ya fashe tun Ista, tana jiran sabo. Haka aka yi Otsile ya jingine kekensa a ƙofar ɗakin karatu ranar wata Laraba, ya shigo yana nemana.

"Ƙanwata, an ce kin cinye ɗakin nan sau biyu."

"Sau biyu ne, Rra. Ban da na lissafi."

"To idan muka gina sabo mai littafi dubu biyar, me za ki yi da su?"

Ya ciro wayarsa ya nuna mana wani koren layi yana hawa, ya ɗan sunkuya, ya sake hawa, kamar akuya a kan dutse. Mma Seitiso ta kai fuskarta dab da wayar.

"Wannan tsutsar ce za ta gina mana ɗaki?"

"Ba tsutsa ba ce, Mma. Kuɗi ne suke aiki."

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin kuɗi da gumi ba." Ta koma kujerarta. "Ba yarinyar takardar. Tana da murya, ɓoye ta take yi."

Shafi biyu ne da Turanci, aikina in karanta in juya wa jama'a da harshenmu ranar Asabar. Na zauna da ita a inuwar bayan ɗakinmu. Shafin farko duk alkawari ne. Na biyu ma haka, har sai can ƙasa, inda akwai layi huɗu da aka rubuta ƙanana kamar sawun tururuwa. Sun ce darajar abin na iya faɗuwa har ta zama babu, kamfanin ba ya ɗaukar alhakin asara, kuma babu hukumar da za ta biya kowa diyya.

Washegari na tare Otsile a bakin famfo na nuna masa da yatsa. Ya yi dariya.

"Maganar lauyoyi ce, ƙanwata. Ko a kwalbar maganin tari akwai irinta. Kin taɓa fasa sha?"

Bai ce in tsallake ba. Ina so wannan ya fito fili, domin na daɗe ina neman in ɗora masa laifin, bai ɗoru ba. Ni ce na koma gida ina ganin kantoci har sama, da kundin sani tun daga A har Z. Ni ce na ce wa kaina ai layi huɗu ne kawai, kuma tsofaffi ba za su gane ba, tsorata kawai za su yi.

Da yamma Kaka yana zaune a ƙofar ɗaki yana murza tsirkiyar fata, yana kallona ina bin takardar da yatsa ina motsa baki.

"Uwar Takardu, me ta ce?"

"Ta ce kuɗin za su haihu, Kaka."

"Madalla. Wa ke kiwon?"

"Wani kamfani ne a birni."

"Ɗan gidan wa?"

"Ba mutum ba ne, Kaka. Kamfani ne."

"Ina mashekarinsa? Yana da rijiya?"

"A intanet yake. Cikin iska."

Ya murza tsirkiyarsa, ya ce, "Ashe mafisa ne."

Mafisa shi ne mai shanu ya ba wanda ba shi da su kiwo. Mai kiwon ya sha nono, ya yi huɗa da su, bayan 'yan shekaru a bar masa karsana ta zama tasa. Mai shanun yakan je duba su duk lokacin da ya ga dama. Idan kuma wata ta mutu, ba a zuwa da baki kawai. Sai ka feɗe ta, ka shanya fatar, ka kai wa mai ita da kunnuwan a jiki, ya ga tsagar gidansu da idonsa. Daga nan babu bashi, babu zargi. Kowane yaro a Serokwane ya san wannan kafin ya san haruffa.

Ranar Asabar tun hantsi kgotla ta cika. Maza sun zauna a kujerunsu na ninkewa cikin shingen itace, kowa da kwat duk da zafin Satumba, domin namiji ba ya magana a nan babu kwat. Akwai wata tsohuwar kwat mai ruwan toka da ke rataye a jikin shingen saboda masu mantuwa, ta sha kafaɗu fiye da ɗari. Mata suna gefe da ɗankwali da mayafi. Ni Mma Seitiso ta ɗaura mini nata, ya yi mini yawa, yana ta zamowa kan idona. A sahun gaba na mata akwai Mma Dikgang mai sayar da fanke a tasha, wadda ko raɗa ta yi sai an ji a bayan coci.

Otsile ya yi bayani, kuma ya iya magana. Ya ce kuɗin da aka ajiye a banki gara ce ke cin su a hankali, buhun siminti na bana ba shi ne na baɗi ba. Ya ce manyan birane a duniya suna juya kuɗin jama'a, mu me ya sa kullum sai dai mu yi faci? Aka zaga da wayarsa hannu zuwa hannu, tsofaffi suna riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwai. Sai sarki ya ce a karanta takarda.

Na miƙe. Da na fara sai na ji muryar ta fito, har na yi mamaki. Na karanta shafin farko na juya musu shi. Na shiga na biyu, yatsana yana bin layi. Da na kai inda manyan haruffa suka ƙare, sai na ɗauke yatsan, na ninke takardar, na ce wa sarki, "Shi ke nan, Kgosi."

Aka fara magana ɗaya bayan ɗaya, domin a kgotla kowa yana da bakinsa kuma ba a katse mutum. Mai shagon bulo ya goyi baya. Wani malamin firamare ya ce a zuba rabi. Wata tsohuwa ta yi minti goma tana ba da labarin akuyarta da ta ɓace, aka saurare ta har ta gama. Na lura masu goyon baya sun fi yawa, na ji daɗi a raina. Ni ban zauna ba, domin ba a sallame ni ba. Sai Kaka ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Kgosi, ina gaisuwa. Jama'a, ina gaisuwa. Ni ban san intanet ba. Jikata ta ce cikin iska yake, to iskar ma ban gama saninta ba. Amma na san mafisa. Otsile, ɗana, kakanka ne ya ba ni shanu biyar ina saurayi, ba ni da ko kaza. Da su na yi aure. Saboda haka ba ni ne zan tsaya a nan in ce kada a ba da dukiya kiwo ba. Tambaya ɗaya gare ni. Idan saniyar nan ta mutu, wa zai kawo fatar?"

Sarki ya ba Otsile izini.

"Rra, ai ba saniya ba ce. Ba ta irin wannan mutuwar. Tana sauka ne, tana hawa."

"Haka mijina ya riƙa cewa a kan hawan jininsa," in ji Mma Dikgang, wai ita raɗa take yi wa ta kusa da ita.

Dariya ta ɓarke har sai da sarki ya ɗaga hannu. Kaka bai yi dariya ba.

"To," ya ce. "Abin da ba ya mutuwa, ban taɓa kiwonsa ba." Ya juyo a hankali. "Seneo."

Ba ya kirana da sunana sai da dalili.

"Na'am, Kaka."

"Takardar nan ta yi maganar fata?"

Ɗankwalin ya zamo, ban gyara ba.

"Na tambaya ne," ya ce, "don tun a gida na ga wasu 'yan maruƙa a can ƙasa, a bayan garke. Yau ban ga yatsanki ya kai kansu ba. Rana ce, na sani, tana kashe ido. Matso inuwa ki duba mana."

Kaka bai san harafi ko ɗaya na Turanci ba. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin yana tsayawa a ƙofar garke da yamma ba ya buƙatar ƙirga kafin ya san wata ba ta shigo ba.

Na matsa inuwa. Taku huɗu ne, amma a cikinsu na yi tunani mai yawa. Zan iya cewa adireshin kamfanin ne da lambar waya. Mma Seitiso ba ta gani, malamin firamare yana can baya, Otsile kuwa takalminsa yake kallo. Babu wanda zai ƙaryata ni, kuma Kaka zai ce to, ya zauna, domin ba zai kunyata jininsa a gaban gari ba. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, wannan to ɗin, da yadda za mu ci tuwon dare muna fuskantar juna.

Na buɗe takardar. Na karanta layi huɗun da Turanci, sannan na juya su, muryata ta koma 'yar ƙarama har sarki ya ce in ɗaga.

"Ta ce kuɗin za su iya mutuwa duka. Ta ce idan sun mutu, ba ruwan mai kiwon. Ta ce babu wanda zai biya." Na sauke takardar. "Babu fata, Kaka."

Otsile ya nemi izini ya miƙe, kuma a nan ne na ga girmansa.

"Gaskiya ne, yana ciki. Da bakina ya kamata in faɗa, ba a bar wa yarinya ba. Amma Rra, shanu ma suna mutuwa. Wanda bai yarda da asara ba ai ba zai yi kiwo ba."

"Suna mutuwa, ɗana, na binne fiye da yadda ka gani," in ji Kaka. "Motarka taka ce, ka kai ta kiwo inda ranka ke so, babu mai cewa don me. Waɗannan kuwa akwai rabon tsohuwar nan mai akuya a ciki, akwai na waɗanda ba a haifa ba. Saniyar gari ba a kai ta inda ƙafa ba ta zuwa dubawa."

Sarki shi ne mai magana ta ƙarshe, kuma bai tsawaita ba. Ya ce ya ji bakin gari. A sake rufin ɗakin karatu kafin ruwa. Abin da ya rage a sayi karsana goma sha biyu, a ba da su mafisa ga gidajen da ba su da shanu, ribar ta zama ta gari.

A hanyar gida ina bayansa, ina jiran faɗa. Muka wuce famfo, muka wuce shagon bulo. Sai da muka kai gindin gawon da ke kusa da gidanmu ya tsaya, wai gwiwarsa.

"A shekarata ta biyu da shanun kakan Otsile," ya ce, yana kallon hanya, "wata ja mai farin goshi ta faɗa rami ta karye. Na bar garke ne na tafi zance wajen kakarki. Na yanka ta, na sayar da naman da fatar, na sayi takalmi. Na je na ce wa tsohon, wai kura ce ta cinye ta, ba ta bar ko kunne ba."

"Ya yarda?"

"Ya kalli takalmin. Ya ce kurayen bana sun iya ciniki. Sai ya sa aka koro mini wata karsana a madadinta."

"Sai me, Kaka?"

"Sai ban sake sa takalmin ba. Yana cikin akwatin ƙarfe, kin sha ganinsa." Ya gyara sandarsa. "Mu je, Uwar Takardu. Kin yi karatu da murya yau, har bayan coci aka ji ki."

Iyakar abin da ya ce ke nan a kai, har ya bar duniya.

Da littafi ne irin waɗanda na karanta, da a nan za a ce washegari kirifto ya rushe, kowa ya zo ya gode wa tsoho. Ba haka aka yi ba. Wata huɗu koriyar tsutsar nan tana hawa. Otsile ba ya cewa komai, sai dai ya bar wayarsa a buɗe a kan teburin mai shayi. Mma Dikgang, wadda ta fi kowa dariya ranar taro, ita ce ta fara kiran Kaka da Rre Fata. "Rre Fata, da yanzu bene muke hawa mu yi karatu." Shi kuma ya ce, "Ke da ko allon tasha ba kya karantawa?" Ni ma, in faɗi gaskiya, na yi fushi da shi a ɓoye. Ina zaune ƙarƙashin sabon kwano mai ƙyalli, ina karanta littafin kiwon alade karo na uku.

A wata na bakwai abin ya faɗo, kamfanin birnin ya rufe ƙofa, lambar wayarsu ta daina shiga. Kuɗin motar Otsile suka tafi. Amma kafin a gama yi masa jaje, damina ta gaba ta ƙi zuwa. Ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya, cikin karsana goma sha biyun gari bakwai suka mutu. Ɗaya bayan ɗaya masu kiwon suka riƙa zuwa kgotla da fata a kafaɗa, a shimfiɗa gaban sarki, a duba kunne. Ranar da aka kawo ta bakwai ina wurin. Otsile ya tsaya a kanta, hannu a aljihu.

"To, Rra, ga fata. A dafa mana ko a soya?"

"Zauna, ɗana," in ji Kaka, yana matsa masa. "Kai ina taka?"

Suka yi ta dariya su biyu, irin dariyar mutanen da aka yi wa sata rana ɗaya. Daga baya Kaka ya roƙi sarki fatun. Ya yi wata biyu yana jeme su yana yanka tsirkiya, Otsile ya kawo katako a bayan kekensa, suka saƙa kujeru shida aka kai ɗakin karatu.

Har yau ana gardama a Serokwane. Wasu na cewa da an zuba kuɗin an cire a wata na huɗu da an gina bene. Wasu na cewa wa zai cire abu yana hawa? Yanzu ina jami'a, na karanta abin da masana suka rubuta a kan ko ya dace hukuma ta juya kuɗin jama'a, su ma bakinsu bai zo ɗaya ba, sai dai sun fi mu dogayen kalmomi. Ni dai abin da na sani shi ne motar gunduma ba ta zo ba.

A kan ɗaya daga cikin kujerun nan nake rubuta wannan shafi na ƙarshe. Na zo hutun Disamba. An yi ruwa da safe, ko ɗigo bai shigo ba, kuma kada ku faɗa wa kowa, na yi kewar bokitan. Ɗakin ya yi shiru da yawa. Mma Seitiso tana can gaba da sabon gilashinta tana manna bayan wani littafi, ba ta gane ni ba, ta ɗauka wata 'yar sakandare ce zaune a bayan kantar ƙarshe.

Ta taga ina jin hayaniyar kgotla. An sami wasu kuɗi kuma, na hayar filin da aka kafa ƙarfen waya, wani baƙo ya zo da takarda mai sheƙi. Ɗazu na ji wata murya ta ce, "Mun ji, Rra, amma wa zai kawo fatar?" Muryar Otsile ce. Aka yi dariya. Yanzu kuma ina jin Mma Dikgang tana raɗarta, wai a nemo jikar Rre Mothibedi ta karanta, an ce ta shigo gari jiya.

Akwai yara da yawa yanzu da suka iya karatu, kuma duk sun san a fara daga ƙasan takarda. Zan sa littafin rubutun nan kusa da kundin M zuwa P, inda ba mai taɓawa sai irina. Ƙofar baya ba ta yin ƙara idan an ɗaga ta kaɗan. Daga nan bayan coci taku ashirin ne.